Facin Farcen Shaho

A gidan burodin da ke bayan tashar mota ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Shaho suke ce masa, tun daga Oga har mai gadi, kuma duk wanda ya taɓa miƙa masa hannu a gaisa ba sai an faɗa masa dalili ba. Hannun hagu lafiya lau, an yanke farata ƙwal har sun kusa shigewa nama. Na dama kuwa, tir. Farata huɗu ne zaƙo-zaƙo, na babban yatsa ya fi kowanne kauri, bakinsa ya yi rawaya-rawaya, an goge shi yana ta sheƙi. Sai ka miƙa hannu da zuciya ɗaya, ka ji wani abu mai sanyi ya karce ka a tsintsiyar hannu. Akwai waɗanda daga ranar suka koma ɗaga masa hannu daga nesa.

Ba ƙazami ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana da tsohon buroshin haƙori da yake dirje ƙarƙashinsu safe da yamma, da 'yar samfefa a aljihun riga da yake goge bakinsu ko a cikin motar haya ne, garin farce na zuba a cinyar na kusa da shi. Sai dai ko da turare ka wanke farce, in aka gan shi a hannun namiji mai furfura, aka kuma ji cewa kwaɓin burodi yake taɓawa, dole zuciya ta tashi.

Dalilinsa jita ce. Irin kiɗan nan yake yi da ba a sa ɗan roban karta tsirkiya, yatsu kawai. Babban yatsa na kan manyan tsirkiyoyi yana ba da amon ƙasa, sauran ukun na tsinkar ƙananan suna fitar da zaƙin, in ka rufe ido sai ka rantse mutum biyu ne. To faratan nan su ne bakin kiɗan. In babu su sautin a dushe yake fita, kamar mai magana da abinci a baki.

Jitar ta yayansa ce. Ya saye ta da ɗoki, ya gaji da ita kafin wata ya ƙare, ya rataye ta a ƙusa tana shan ƙura. Shaho yana saurayi ya sauke ta, ya fara laluben sauti da kunne, daga baya da wayoyi suka zo ya dinga kallon hannayen wasu yana kwaikwayo. Yanzu ya haura arba'in, 'ya'ya uku, kuma har yau bai taɓa buɗe baki ya rera komai ba. Mutum zai zauna ya saurara, ya jira, ya jira, sai ya ce to yaushe za a fara waƙar? Wannan tambayar ta fi zagi yi masa ciwo.

Matarsa a asibiti take aiki, sashen wanke almakashi da sauran ƙarafan tiyata. Ta san abin da ke zama a ƙarƙashin farce, domin an taɓa nuna musu a madubin gwaji, ta dawo gida ta kasa cin abinci. Takan ce lokacin da yake zuwa wurinta kullum hannunsa na dama na aljihu, ita kuma ta ɗauka kunya ce, ashe mugun abu yake ɓoyewa. Ta kafa dokokinta tun da wuri. Ba zai sa hannun nan a kwanon da yara ke ci ba, ba zai ɓare musu lemo ba, ba zai goga samfefa a kan gado ba. Ya bi duka ba musu, ita kuma ta daina maganar a yanke.

A ɗakin ajiya yake ɗaukar kiɗansa, wani ɗan lungu tsakanin kicin da banɗaki, cike da tsofaffin katifu da jakunkunan kayan da yara suka fi ƙarfinsu. Ya gano tsummokaran nan suna shanye amsa-kuwwa. Sai ya kifa bokiti, ya jingina waya da gwangwanin madara, ya zauna kan buhun gawayi, ya ja ƙofa. Ba taga, ba fanka, don fanka na shiga cikin sauti. Firji ma shiga yake, shi ya sa yake zare shi kafin ya fara. Sau ɗaya ya manta bai mayar ba suka yi tafiya, suka dawo suka tarar naman da ke ciki ya zama kore, ruwansa ya biyo ƙarƙashin ƙofa har tsakiyar kicin. Matar ta toshe hanci da gyale ta miƙa masa tsumma. Warin ya daɗe a gidan, har a ruwan sha ana jin sa.

Bidiyonsa ba fuska. Cikin jita ne kawai da hannaye biyu, kusa-kusa, yadda masu irin wannan kiɗan ke yi don mai koyo ya ga yatsu. In ya gama ya ɗora a shafinsa, ya tura wa 'yan uwa, ya zauna jiran duniya. Duniya kuwa tana da abin yi. Masu kallo ba sa wuce 'yan tsiraru, rabinsu ma shi ne yake sake buɗewa. 'Yan uwa kan aiko da hoton babban yatsa a ɗage cikin daƙiƙa kaɗan, alhali kiɗan na minti shida ne. Akwai dai wasu baƙi da bai san su ba, makaɗa irinsa a nasu lungunan, su ne ke saurara har ƙarshe su rubuta cewa wurin kaza ya yi daɗi. Don su yake yi, kuma in ɗayansu ya yaba sai ya yini yana murmushi shi kaɗai.

A wurin aiki teburin yanka ne nasa. In inji ya gama murza kwaɓi aka juye shi kan teburin ƙarfe, shi ke yanka shi gunduwa-gunduwa, ya ɗora a sikeli, ya mulmula, ya tura wa Dogo da ke gefensa ya sa a gwangwani. Dokar gidan a manne take a bango, kai a rufe, farce a yanke. Oga kan bi layi yana duba hannaye, in ya zo kan Shaho sai ya kau da kai ya wuce. Shaho ya riga kowa zuwa gidan, tun mahaifin Oga na raye ana gashi da itace, kuma hannunsa ba ya kuskuren awo. Sharaɗin shi ne safar hannu, biyu a hannun dama, ɗaya kan ɗaya. Ranar da suka yi wannan maganar Oga ya ce masa:

"Shaho, ni ban ga komai ba. Amma ranar da wani ya gani, to ni ma na gani."

A haka ya riƙe abubuwan nan biyu shekara da shekaru, aikin da ke ciyar da gidansa da faratan da ke ciyar da ransa, yana ganin ya iya zama da duniya.

Akwai wani kiɗa da ya daɗe yana ginawa, dogo, mai hawa da sauka, wanda ya tabbata shi ne abin da zai bari a bayansa. Ya kusa kai shi inda yake so, sai ƙofar motar haya ta kama masa farcen yatsan tsakiya ta ɓalle shi har gindi. Bai ji zafin naman ba kamar yadda ya ji na asarar. Kafin farce ya sake tsirowa ya kai yadda yake so, watanni ne.

Makaɗan yatsu suna da dabararsu. Ana samun ƙwallon tebur, a yanko ɗan yanki kamar jinjirin wata, a manna shi da gam a kan guntun farcen da ya rage, a goge baki da samfefa har ya yi santsi. Ya je kanti, farar ƙwallo ta ƙare, sai mai ruwan lemo. Ya saya a haka. Facin ya zauna ɗas, sautin ma har ya fi na asalin kaifi. Murna ta ɗebe shi ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki bidiyo yana magana, yana koya wa 'yan uwansa makaɗa yadda ake yi, ya kawo yatsan gaban waya yana jujjuya shi. Har da cika baki, wai ko wanka ba ya cire shi, shi da shi yake zuwa aiki kullum. Da matar ta ga abin a hannunsa ta yatsina fuska ta ce yanzu kuma shara aka koma mannawa a jiki.

Abin da bai lissafa ba shi ne zafi. Ɗakin gashi ba banɗaki ba ne. Gumi na taruwa a cikin safa, ga maiƙon bota, ga matsar kwaɓi daga safe har azahar, kuma bakin facin ya fi farce kaifi. Ranar da abin ya faru, an tashi aiki ya je wurin famfo ya zare safa, sai ya ga ƙofa a kan yatsan tsakiya, ta huda duka biyun. Ya dubi yatsan. Guntun farce ne kawai, da busasshen gam fari-fari.

Ya juya safar ciki da waje. Ya duba ƙasa, ya duba ƙarƙashin tebur, ya tona kwandon shara da hannunsa yana yi kamar makulli ya yar. Babu. A bayansa gwangwanaye ne jere a cikin tanda, ɗaruruwa, sun kumbura sun fara ja, ƙamshi ya cika ko'ina. Ofishin Oga na nan a buɗe, yana ganin ƙeyarsa. In ya faɗa, za a zubar da gashin yinin gaba ɗaya, kuma kafin ya fita daga ofishin sai an miƙa masa reza. Ya tsaya yana wanke hannun da ya riga ya wanku. Sannan ya cusa shi a aljihu, ya karɓi burodinsa na ma'aikata kamar kullum, ya fita.

A mota ya dinga yi wa kansa huɗuba. Ƙila a hanya ya faɗi tun da safe. Ƙila wuta ta narkar da shi. Ɗan abu ne, ko an haɗiye ba zai kashe kowa ba. Kafin ya isa gida ya kusa yarda. Kuma ga abin da ya fi komai ban ƙyama, wanda shi kansa in ya tuna sai ya runtse ido: da ya shiga gida ya tarar ba kowa, ga shiru, ga ragowar ƙwallon a durowa. Ya yanko wani facin ya manna, ya zare firji, ya shiga lungunsa. A ɗauka ɗaya ya kaɗa kiɗan daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Bai taɓa kaɗa komai da kyau haka ba. Ya ɗora shi a shafi tun gumi bai bushe masa ba.

Da yamma autarsu ta jawo ledar burodin za ta yaga. Bai san lokacin da ya fizge ba, har yarinyar ta tsorata ta fashe da kuka. Ya ce na yau bai gasu ba, a sayo wani a kanti. Matar ta matsa burodin da yatsa, ta ga lafiyarsa ƙalau. Ta dubi fuskarsa, ta dubi hannunsa. Mace ce da aikinta kullum shi ne lura da ƙananan abubuwa, ta ga facin na yau ya fi na jiya faɗi. Ta kora yaran waje.

"Abban yara, ina na jiyan?"

Ya cusa hannun a aljihu.

"Ka faɗa wa Oga?"

Ya ce ai ba tabbas, ƙila a mota ya faɗi.

"Naka 'ya'yan ka hana su ci. Na mutane fa?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki ledar da yatsu biyu ta kai bola, ta dawo ta wanke hannu har gwiwa yadda take yi a wurin aiki. Ta ce tun da take ƙyamar faratan nan ba ta taɓa ƙyamar mai su ba sai yau. Har a lokacin da sauran dama, don motocin rabo ba sa fita sai gari ya waye, kuma lambar Oga na cikin wayarsa. Ya riƙe wayar ya daɗe, daga ƙarshe shafinsa ya buɗe ya duba ko wani ya saurari sabon kiɗan.

Bayan kwana biyu wata mata ta zaro abin daga bakin ɗanta, yaro ɗan ƙarami da ko magana bai gama iyawa ba. Ya yanke shi a dasashi, jini ya ɓata masa riga. Ta ɗauki bidiyo, ta nuna ledar da sunan gidan burodin, ta nuna ɗan abin mai ruwan lemo a tafin hannunta. Da ta juya shi, ga busasshen gam, ga ɗan ɓallin farcen mutum na gaske manne a ciki, da lomar burodi da yawu. Kafin la'asar ba wayar da bidiyon bai shiga ba. Mutane na ta tambaya wannan wane irin abu ne, wasu na cewa roba ce, wasu na cewa asiri ne. Wanda ya warware musu ba daga gidan burodin ya fito ba. Ɗaya daga cikin makaɗan nan ne masu yaba masa, ya gane facin da kallo ɗaya, ya liƙa bidiyon koyarwar a ƙasa, daidai inda Shaho ke cewa shi da shi yake zuwa aiki kullum.

Oga bai yi faɗa ba. Ya ajiye waya a kan tebur bidiyon na tafiya, ya ce a nuna masa hannu. Da ya ga sabon facin sai ya tambaya ko ya san na farkon ya ɓace tun ranar. Shaho ya ce ya sani. Oga ya ce ya kwashe kayansa. Washegari masu duba tsafta suka zo suka garƙame gidan na wani lokaci, su Dogo duka suka koma zaman gida saboda yatsa ɗaya.

Sai ga duniyar da ya daɗe yana jira ta zo. Wayarsa ta dinga kuka har tana zafi. Sabon kiɗan nan, wanda ya fi so a rayuwarsa, dubbai suka kalle shi, kuma ya bi sharhin ɗaya bayan ɗaya yana neman mutum guda da zai ce wani abu a kan sautin. Ko ɗaya. Tsayar da hoton suke yi su ƙara girman faratan, su zagaye wani ɗan duhu a ƙarƙashin na babban yatsa su ce ga kwaɓin jiya. Wata ta ce tana cikin karin kumallo ta yi amai. Wani ya ɗora ƙarar kakarin amai a kan kiɗan, daidai wurin da ya fi wahalar kaɗawa, nasa ya fi na Shaho yawo. Ya ji ƙyamarsu, wallahi ya ji, taron mutanen da ba su iya sauraron minti ɗaya ba amma suna da yini guda na kallon ƙazanta. Sai kuma ya tuna rigar yaron nan, ya kife wayar.

Ƙanin matarsa ya zo da fara'arsa, ɗan gayu mai sayar da kayan waya. Ya ce Yaya ai wannan arziki ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, mutane kuɗi suke kashewa su samu irin wannan taron. A yi sabon bidiyo kawai, Yaya na yaga burodi da faratan yana ci yana kaɗa jita, shi zai riƙe waya. Yayarsa ce ta nuna masa ƙofa da ludayi. Shi kuwa Shaho abin da ya tsorata shi shi ne, na ɗan lokaci sai da ya tsaya yana tunanin maganar.

Ranar da ya ji an buɗe gidan burodin, ya zauna a bakin ƙofar lungunsa da abin yanke farcen matarsa. Bai iya riƙe shi da hagu ba, ya dinga yanka a karkace. Na babban yatsa ya ƙi, sai da ya jiƙa shi a ruwan zafi. Naman ƙarƙashinsu fari fat, laushi tiɓis, bai ga rana ba tun yana saurayi, ko iska ta taɓa shi sai ya ji tsam. Ya tattara yankakkun a takarda ya zuba a masai. Ya ɗauki jitar ya gwada layi ɗaya, ya mayar da ita cikin jaka.

Da ya isa gidan burodin ya tarar da su a kan aiki, rabin injinan a kashe don ciniki bai dawo ba. Wani sabon mutum ne a wurinsa, yana yanka yana kuskuren awo. Ba wanda ya kira shi Shaho, ba wanda ya kira shi komai. Oga na tsaye a ƙarshen teburin ƙarfe. Shaho ya matsa, ya shimfiɗa hannayensa biyu a kan teburin, yatsu a baje, yadda sabbin ma'aikata ke yi ranar duba.

"Oga, na yanke. Duka."

Oga ya dube su sosai, ya fi yadda ya taɓa dubansu a duk shekarun nan. Ya ce da wannan aka kawo masa ranar nan kafin motoci su fita, da ya zubar da burodin, ya yi masifa, ya haƙura. Yanzu kuwa duk garin nan ba wanda bai san hannun nan ba, sun fi sanin sa a kan tambarin gidan, Shaho da kansa ya nuna musu shi kusa-kusa.

"Ba farcen suke ƙyama ba yanzu. Ɗaga hannunka, za a juye kwaɓi."

Ya ɗaga. Ya yi sallama ba a amsa da ƙarfi ba. Da ya kai ƙofa ya waiwaya, sai ya ga ba a juye kwaɓin ba tukuna. Dogo, wanda suka yi shekaru kafaɗa da kafaɗa, ya ɗebo ruwan zafi da sabulu yana dirje daidai inda tafukansa suka zauna, fuskarsa a yamutse, kansa a kauce. Bai ji haushinsa ba. Da shi ne a wurin, da sai ya wanke sau biyu.